Tarihin Raba Gudu Gida Biyu: Daga Jifan Dutse Zuwa Harsashin Igwa

Gabatarwa

Ɗalibin da ya fara karatun fizik a azuzuwan ƙarshe na sakandare, ko a shekarar farko ta jami'a, ba ya daɗewa sai ya ci karo da tambaya mai wannan kama: an buga ƙwallo da gudun mita 20 a sakan ɗaya, ta tashi a kan kusurwa mai digiri 30 daga ƙasa, to a ina za ta sauka? Abin da ake koya masa shi ne ya raba gudun gida biyu, kaso na kwance da kaso na tsaye, ya yi lissafin kowanne shi kaɗai. Da yawa daga cikin ɗalibai suna haddace wannan mataki a matsayin dabarar cin jarrabawa, ba tare da sun tambayi wanda ya ba su izinin yin haka ba. Alhali kuwa a ƙarƙashin dabarar akwai wata babbar magana game da halitta: tafiyar da jiki yake yi gaba da faɗuwar da yake yi ƙasa suna gudana a lokaci guda, kuma babu wadda take taɓa ƴar'uwarta. Masana sun kwashe kusan shekara 2000 kafin su amince da wannan magana. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda aka kai ga hakan, domin wanda ya san dalilin dabarar shi ne zai gane inda take aiki da kuma inda take gazawa.

Motsi iri biyu a wurin Aristotal

Aristotal, wanda ya rayu tsakanin shekara ta 384 da 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kasa motsi gida biyu. Akwai motsin ɗabi'a, kamar faɗuwar dutse zuwa ƙasa ko tashin hayaƙi sama, inda kowane abu yake neman mazauninsa na asali. Akwai kuma motsin tilas, wanda sai da mai turawa ko mai ja. A ganinsa, da zarar mai turawa ya daina, motsin tilas ya ƙare. A nan ne dutsen da aka jefa ya zama ƙarfen ƙafa: hannu ya riga ya sake shi, to mene ne yake ci gaba da tura shi? Amsar da ya bayar ita ce iska. Hannu yana motsa iskar da ke kewaye, ita kuma tana miƙa turin daga sashe zuwa sashe har ƙarfinsa ya ƙare.

Abin lura shi ne, Girkawa ba su jahilci haɗa motsi biyu a kan takarda ba. A wani littafi kan injuna da ake jingina wa makarantar Aristotal an nuna cewa, idan ɗigo yana tafiya ta fuska biyu a lokaci guda bisa ma'auni tabbatacce, to zai bi layin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa a siffa mai gefe huɗu. Ilimin zanen yana nan a hannu. Abin da ya hana a ɗora shi a kan dutsen jifa shi ne aƙidar cewa motsin ɗabi'a da na tilas kishiyoyi ne, ba sa zama a jiki ɗaya cikin lumana.

Daga Iskandariya zuwa Alƙahira

A ƙarni na 6, wani malami a Iskandariya mai suna Yuhana Filoponus, wanda Larabawa suke kira Yahaya al-Nahawi, ya yi watsi da batun iska. Ya ce mai jifa yana sanya wani ƙarfi a cikin dutsen kansa, kuma aikin iska shi ne rage wannan ƙarfi. Ibn Sina (980–1037) ya ɗauki wannan zare a littafinsa Al-Shifa, ya kira abin da ake sanya wa dutsen da suna mail, wato karkata. Ya ƙara da cewa wannan karkata ba ta ƙarewa don kanta. Abin da yake cinye ta shi ne turjiya daga waje, irin ta iska. A ƙarni na 12 Abul Barakat al-Bagadadi, mai littafin Al-Mu'utabar, ya yarda cewa karkata biyu masu saɓani za su iya haɗuwa a jiki ɗaya, ɗaya tana raguwa ɗaya tana samun galaba.

Amma wanda ya yi aiki da raba motsi gida biyu a fili shi ne Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya yi zamansa a Alƙahira, kuma a fagen nazarin haske ya yi shi. A littafinsa Al-Manazir, wanda ya rubuta tsakanin 1011 da 1021, ya so ya bayyana dalilin da ya sa haske yake barin madubi a kan kusurwa daidai da wadda ya sauka. Sai ya kawo misalin ƙaramar ƙwallon ƙarfe da aka harba a karkace kan fuska mai tauri. Ya ce motsinta ya ƙunshi biyu: ɗaya mai shiga fuskar kai tsaye, ɗaya mai tafiya a gefenta. Fuskar tana tare na farko ta mayar da shi baya, na biyu kuwa babu abin da ya tare shi, don haka yake ci gaba yadda yake. Wannan shi ne tunanin da ɗalibi yake yi a yau, sai dai a kan madubi. An fassara littafin zuwa Latin a wajen shekara ta 1200, aka buga shi a birnin Basel a 1572. Lokacin da Descartes ya yi bayanin haske a 1637 da misalin ƙwallon tanis, irin wannan rabon ya yi.

Igwa ta shigo da gaggawa

Muddin dutse da kibiya ake magana a kansu, muhawarar ta masu falsafa ce. Malaman jami'ar Faris na ƙarni na 14, irin su Jean Buridan, sun gyara ra'ayin ƙarfin da ake sanya wa jiki, suka kira shi impetus. Hoton da ya zauna a zukatan mutane shi ne na tafiya mai zango-zango: harsashi yana tafiya a miƙe har ƙarfin tilas ya ƙare, sa'an nan ya faɗo. Wani zane da Daniel Santbech ya buga a 1561 ya nuna harsashin igwa yana hawa a kan miƙaƙƙen layi, daga nan ya sulalo ƙasa a tsaye kamar guga a rijiya.

Da igwa ta zama makamin da yake rushe ganuwa, tambayar ta koma ta rai da mutuwa, ta kuma koma ta kuɗi, domin albarushi yana da tsada. Niccolò Tartaglia, malamin lissafi ɗan Italiya, ya ba da labarin cewa wani maharbin igwa a Verona ne ya tambaye shi kusurwar da take kai harsashi mafi nisa. Ya amsa da digiri 45. A 1537 ya buga littafinsa Nova Scientia a Benis, a daidai lokacin da ake fargabar harin Sarkin Usmaniyya Sulaiman. Ya kuma yi bayanin wani ma'auni mai siffar kusurwar kafinta da zare mai ɗauke da dalma, wanda ake cusa dogon hannunsa a bakin igwa a karanta tashinta bisa maki 12, maki na shida shi ne digiri 45.

Duk da haka Tartaglia bai fita daga inuwar Aristotal ba. A littafin nan ya kafa ƙa'ida cewa jiki mai nauyi ba zai yi motsin ɗabi'a da na tilas a cakuɗe a lokaci guda ba. Saboda haka ya zana hanyar harsashi zango uku: miƙaƙƙen layi, sai gutsuren da'ira, sai faɗuwa a tsaye. A wani littafinsa na 1546 ya amince cewa babu wani sashe na hanyar da yake miƙaƙƙe ɗari bisa ɗari, tun da nauyi yana jan harsashin tun daga bakin igwa. Ya hango gaskiyar, amma ba shi da lissafin da zai kama ta.

Takarda ta 116

Galileo Galilei (1564–1642) ya koyar a jami'ar Paduwa daga 1592 zuwa 1610, kuma a waɗannan shekaru ne ya samo mabuɗai biyu. Na farko ya shafi faɗuwa. Ta hanyar gangaro da ƙwallo a kan katako mai gangare, ya tabbatar cewa tazarar da jiki yake faɗuwa tana ƙaruwa bisa lokaci da aka ninka da kansa: a zangon lokaci na farko ma'auni 1, a na biyu 3, a na uku 5, a na huɗu 7, jimla kenan 1, 4, 9, 16. Na biyu ya shafi kwance: jikin da yake tafiya a kan shimfiɗaɗɗiyar fuska, in babu abin da ya tare shi, zai ci gaba da gudunsa ba ƙari ba ragi.

Shaidar yadda ya haɗa su tana cikin wata takarda ta rubutun hannunsa da ke ajiye a babban ɗakin karatu na birnin Florence, bayan takarda ta 116 a kundi na 72, wadda masanin tarihi Stillman Drake ya fito da muhimmancinta a 1973. Ana ƙiyasta cewa aikin na wajen 1608 ne. Galileo ya ɗora katako mai gangare a kan teburi mai tsawon punti 828 daga ƙasa; punto ɗaya bai kai milimita ɗaya ba da kaɗan. Yana sakin ƙwallo daga tsayi daban-daban, ta gangaro, ta bar bakin teburin a kwance, shi kuma ya auna inda ta sauka. Daga tsayin 300 ta sauka a nisan 800. Da wannan ya lissafa inda ya kamata ta sauka a sauran gwaje-gwajen, in har gudun kwance ba ya canzawa a sama kuma lokacin faɗuwa ɗaya ne kullum. Daga tsayin 600 lissafi ya ba shi 1131, awo ya ba shi 1172. Daga 800, lissafi 1306, awo 1328. Daga 1000, lissafi 1460, awo 1500. Bambancin bai kai kashi 4 cikin 100 ba.

Ma'anar waɗannan lambobi ita ce, ƙwallon da ta fita da gudu da wadda ta fita a hankali duk lokaci ɗaya suke ɗauka kafin su taɓa ƙasa. Gudun kwance ba ya jinkirta faɗuwa, faɗuwa kuma ba ta rage gudun kwance. Idan jiki yana cin tazara 1, 2, 3, 4 gaba, yana kuma cin 1, 4, 9, 16 ƙasa, to layin da zai zana shi ne farabola, lanƙwasar da Apollonius ya yi bayaninta tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, ba tare da tunanin jifa ba.

Galileo ya yi jinkirin bugawa. A 1632 Bonaventura Cavalieri ya riga shi fitar da batun farabola a wani littafi, abin da ya ɓata masa rai ƙwarai kafin su sasanta. A Ingila ma Thomas Harriot ya kai ga irin wannan sakamako amma bai buga ba. Cikakken bayanin Galileo ya fito a 1638 a birnin Leiden na ƙasar Holan, cikin littafinsa kan sababbin ilimai biyu, yana tsare a gidansa na Arcetri bayan hukuncin da kotun coci ta yanke masa a 1633. A kashi na huɗu na littafin ya tabbatar da digiri 45 na Tartaglia da hujjar lissafi, ya kuma nuna cewa kusurwoyi biyu da suka yi nisa ɗaya da 45, kamar 30 da 60, wuri ɗaya suke kai harsashi.

Maganar ta wuce igwa. Masu musun cewa duniya tana juyawa suna kafa hujja da dutsen da aka saki daga hasumiya: in ƙasa tana tafiya, ai da ya sauka a baya. Galileo ya amsa cewa dutsen yana riƙe da gudun kwance na hasumiyar yayin da yake faɗuwa. A 1640 Pierre Gassendi ya gwada haka a kan jirgin ruwa mai gudu a Marseille, dutsen da aka saki daga saman jigon jirgin ya sauka a gindinsa.

Yadda zane ya koma lissafi

Galileo da zane da ma'aunin layuka ya yi hujjojinsa. Babu sinus ko kosinus a tsarin da muka saba gani. Waɗannan ta wata hanya suka zo. Masana taurari na Indiya, irin su Aryabhata a wajen shekara ta 499, sun yi jadawalin rabin tsirkiyar baka a cikin da'ira, suna kiranta jiva. Larabawa suka ari kalmar, suka rubuta ta da baƙaƙe uku waɗanda ake iya karantawa jaib, wato wuyan riga ko aljihu; daga wannan kalmar ce ma Hausa ta samu aljihu. Masu fassara a Andalus a ƙarni na 12 suka mayar da ita sinus, kalmar Latin mai ma'anar lanƙwasa ko ƙirjin riga. Kosinus kuwa Edmund Gunter ne ya sa masa suna a 1620.

Newton, a littafinsa Principia na 1687, ya sanya haɗa motsi biyu ta hanyar siffa mai gefe huɗu a matsayin sakamako na farko da ya biyo bayan dokokinsa uku. Leonhard Euler ne, a wata takarda da ya gabatar a Balin a 1750 aka buga a 1752, ya rubuta dokar motsi sau uku, ɗaya ga kowace alƙibla cikin alƙiblu uku tsayayyu masu haɗuwa a kusurwar digiri 90. Irin wannan tsari ne ɗalibi yake bi idan ya ja layukan x da y a gefen takardarsa. Ita kuwa bekta, wadda a yau ake nuna ta da kibiya a kan harafin gudu, sai a ƙarni na 19 ta zauna, ta hannun Hamilton, daga baya Gibbs da Heaviside.

Mu koma ga tambayar farko da wannan guzuri. Gudun mita 20 a sakan shi ne dogon gefen alwatika mai kusurwar digiri 90. Kason kwance shi ne 20 sau kosinus na 30, wato kimanin 17.3. Kason tsaye shi ne 20 sau sinus na 30, wato 10. Jan ƙasa yana rage wa kason tsaye kimanin mita 10 a sakan cikin kowane sakan (9.8 in ana son ƙarin daidaito), don haka ƙwallon tana hawa sakan 1, ta kai tsayin mita 5, ta sauko cikin sakan 1. A tsawon sakan 2 ɗin nan kason kwance bai canza ba, sai ta ci mita 34.6. In aka buga ta a digiri 60, kason biyu sun yi musaya: kwance 10, tsaye 17.3, lokaci sakan 3.46, nisa mita 34.6 kamar na farko. A digiri 45 nisan ya kai mita 40. Igiya ɗaya ce take ɗaure lissafin biyu, ita ce lokaci.

Inda dabarar take gazawa

Galileo da kansa ya sanya wa masu muhawara a littafinsa ƙorafi biyu: iska tana turjiya, kuma ƙasa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Ya ɗauka cewa ga jiki mai nauyi da tazara kaɗan kuskuren ba shi da yawa. Almajirinsa Torricelli ya buga jadawalin harbi a 1644, amma a 1647 Giovanni Battista Renieri ya rubuto masa daga Genoa cewa igwarsa ba ta bin jadawalin. A 1742 Benjamin Robins a Ingila ya ƙera wani lilo mai nauyi da ake harbi domin auna gudun harsashi, ya gano cewa turjiyar iska ga harsashi mai gudu ta ninka nauyinsa sau da yawa. Euler ya fassara littafin Robins zuwa Jamusanci a 1745, tare da dogon sharhi.

Ya kamata ɗalibi ya fahimci abin da iska take ɓatawa. Raba gudu gida biyu yana nan daram, domin wannan hukuncin alwatika ne. Abin da yake rushewa shi ne ƴancin kowane kaso. Turjiyar iska ta dogara ne a kan cikakken gudun jikin, kusan bisa gudun da aka ninka da kansa, saboda haka yawan abin da take ragewa a kwance ya danganta da yadda jikin yake hawa ko sauka. Lissafin biyu sun sarƙe, ba a iya warware ɗaya a bar ɗaya. Hanyar harsashi takan fi tsayuwa wajen saukowa, abin da ya nuna cewa maharban zamanin Tartaglia ba ƙarya idanunsu suka yi musu ba. Kusurwa mafi nisa ma takan sauka ƙasa da 45, sai dai a wurare na musamman: igwar da Jamusawa suka yi wa Faris ruwan harsashi da ita a 1918 daga nisan kilomita 120 ana ɗaga ta sama da digiri 45, domin harsashin ya yi saurin kaiwa inda iska ba ta da kauri. Wahalar wannan lissafi mataki-mataki ce ta sa sojan Amurka suka ɗauki nauyin ƙera kwamfutar ENIAC a jami'ar Pennsylvania, wadda aka nuna wa jama'a a 1946.

Kammalawa

Daga wannan tarihi ɗalibi zai iya ɗaukar abubuwa uku. Na farko, raba gudu da sinus da kosinus ilimin zane ne, yana aiki a kowane hali, kuma kusurwar da aka bayar ce take nuna wane kaso ne zai ɗauki kosinus: wanda yake jingine da kusurwar. Na biyu, yin lissafin kowane kaso shi kaɗai hukunci ne na gwaji, wanda ya tsaya a kan cewa jan ƙasa ƙasa kawai yake ja. Na uku, jimlar nan da ake rubutawa a ƙarshen tambayar jarrabawa, cewa a yi watsi da turjiyar iska, ita ce sharaɗin da ya halatta dukkan aikin.

Kuskuren da aka fi gani a takardun ɗalibai shi ne cewa gudu ya zama sifili a ƙololuwar hanya, kamar dai ƙarfin jifa ya ƙare sa'an nan faɗuwa ta fara. Wannan shi ne zanen Santbech na 1561 yake dawowa ta bayan gida. A ƙololuwa kason tsaye ne kaɗai ya zama sifili. Ƙwallon misalinmu tana nan tana tafiya gaba da mita 17.3 a sakan, kamar yadda ta bar ƙafar mai bugu.